Yadda Za Ka Yanke Shawarar Sake Rubuta JAMB ko Tafiya da Makin da Ke Hannunka

Duk shekara, da zarar sakamakon JAMB ya fito, wayata ba ta hutawa. Na daɗe ina koyar da Kemistiri a sakandare, da yamma kuma ina yi wa masu shirin jarrabawa lesin, saboda haka yaran da suka bi ta hannuna da iyayensu ni suke nema. Tambayar kusan guda ce. "Malam, 214 na samu, kuma likitanci nake so, in sake?" Ko uwa ta kira ta ce, "Malam, 'yarka tun jiya ko ruwa ba ta sha ba, wai 187 ta ci, don Allah ka yi mata magana."

Ba na ba da amsa a ranar, domin maki shi kaɗai ba ya faɗa wa mutum ya sake ko kada ya sake. Akwai mai 214 da ya kamata ya sake, akwai mai 214 da in ya sake ya cuci kansa. Abin da ke raba su shi ne nisan da ke tsakanin makin da kwas ɗin da ake nema, da dalilin da ya sa makin ya tsaya a nan, da kuma abin da zai canza kafin baɗi. Abin da nake zaunar da ɗalibaina mu bi ɗaya bayan ɗaya, shi zan shimfiɗa maka a nan, ƙanina, ke ma ƙanwata da ke nake.

Kafin komai ka riƙe wannan: makin JAMB na shekara guda ne. A WAEC da NECO kana iya haɗa sakamakon zama biyu, amma a JAMB babu haka. In bana ka ci 230, baɗi ka sake ka ci 205, to 205 ɗin nan ce taka, 230 ta tafi da shekararta. Duk wanda zai sake, da sabuwar ƙwarya zai fara ɗiban ruwa.

Mataki na farko: kada ka rufe ƙofar bana

Makon da sakamako ya fito ba makon yanke hukunci ba ne. Zuciya na zafi, abokai na ta sa nasu makin a WhatsApp, a gida kowa ya yi shiru. A irin wannan yanayi yara da yawa ke cewa "na haƙura da bana", su ƙi sayen fom ɗin Post-UTME, wato tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB, su ƙi ɗora sakamakon sakandarensu a shafin CAPS, wato shafin JAMB da ake ba da gurbin karatu ta cikinsa, daga baya kuma sai ka ji an ɗauki wanda bai kai su maki ba. Ko da ka fi karkata ga sakewa, ka ci gaba da bin bana har ƙarshe. Jerin sunayen waɗanda aka ɗauka yakan fito kashi-kashi, wani lokaci na ƙarshe sai an kusa fara rijistar wata JAMB ɗin. Ba abin da za ka rasa in ka bar sunanka a ciki sai kuɗin fom.

Sannan ka koma kan saƙon da ya zo maka lokacin da ka tura UTMERESULT zuwa 55019 ko 66019. Kada ka kalli jimilla kawai. Ka rubuta makin kowane darasi daban a takarda, za mu dawo kansa.

Mataki na biyu: duba takardar sakandare

Wannan gajere ne, amma shi ke kayar da mutane a ɓoye. Jami'a na neman kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗinka, har da Turanci, da kuma Lissafi ga duk mai neman kimiyya, fasaha ko kimiyyar zamantakewa, a zaman da bai wuce biyu ba. A likitanci jami'o'i da yawa zama ɗaya suke karɓa. In kana da D7 a Fizis, wadda ba ta kai kiredit ba, ko da 300 ka ci a JAMB ba za a ba ka injiniyanci ba. Wanda matsalarsa ke nan, jarrabawar da ya kamata ya fara tunanin sakewa ita ce WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, wadda ake yi a ƙarshen shekara. Na ga yaron da ya rubuta JAMB sau uku yana kukan rashin sa'a, ashe kiredit ɗin Turanci ne ba shi da shi, kuma babu wanda ya taɓa karɓar takardarsa ya duba.

Mataki na uku: auna nisan da ke tsakaninka da kwas ɗin

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi ruɗewa. Kalmar "katof" guda ce a bakin mutane, amma abu uku take nufi.

Akwai mafi ƙarancin makin da JAMB da shugabannin makarantu ke tsayarwa a taronsu na shekara. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga foliteknik da kwalejojin ilimi. Wannan ƙasan rijiya ne kawai, ma'anarsa kada wata makaranta ta sauka ƙasa da haka. Akwai kuma makin da kowace jami'a ke sanarwa domin sayen fom ɗinta na tantancewa, wanda manyan jami'o'i kan ɗaga sama da na ƙasa. Shi ma izinin shiga layi ne. Na uku, wanda shi ne na gaskiya, shi ne makin mutum na ƙarshe da aka ɗauka a sashen da kake so. Shi ba a cika buga shi a jarida ba, kuma yakan motsa daga shekara zuwa shekara gwargwadon yawan masu nema da ƙarfin makinsu.

Me ya sa likitanci, aikin jinya, haɗa magunguna da shari'a suke tsauri haka? Saboda jami'a ba ta da ikon ɗiba yadda ta ga dama. Hukumar kula da likitoci ta MDCN ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban likitanci da za ta horar, shari'a ma akwai majalisar da ke ƙayyade nata adadin. Dubbai na nema, kujerun ba su da yawa. Shi ya sa za ka ga yaro da 260 bai samu likitanci ba, abokinsa da 190 ya shiga wani sashen a jami'a guda, ba tare da an cuci kowa ba.

To yaya za ka san makin na gaskiya? Zuwa da kai ya fi saƙo. Ka je jami'ar in tana kusa, Bayero ce, ko Ahmadu Bello, ko Usmanu Danfodiyo, ko ta Maiduguri, ka nemi 'yan aji ɗaya na sashen, ka tambayi mutum biyar ko shida nawa suka ci kuma 'yan wace jiha ne. Ka leƙa ofishin ɗaukar ɗalibai ka yi tambaya cikin ladabi. In nesa ce, ka nemi wani ɗan unguwarku da ke can ya yi maka wannan aikin. Abin da wani ya rubuta a Facebook ba tare da ya taɓa taka ƙofar sashen ba, kada ka gina shekararka a kansa.

Na ce ka tambayi jiharsu ne saboda jami'o'in tarayya suna raba guraben kashi uku: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, wanda ake gogawa da kowa a ƙasar, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko, kuma mafi yawan jihohin Arewa suna ciki. Ma'ana, makin da ba zai shigar da ɗan Jigawa jami'ar Legas ta ƙofar cancanta ba, yana iya shigar da shi jami'ar da Jigawa ke cikin yankinta. Jami'o'in jiha kuwa 'yan asalin jihar suke fara dubawa. Yara da yawa makinsu bai yi laifi ba, zaɓin makaranta ne ya yi musu. Irin waɗannan canjin makaranta ko canjin kwas suke buƙata, wanda ake yi a ofishin JAMB ko sentar CBT (ta jarrabawar kwamfuta) mai rijista, cikin kwana ɗaya, da kuɗin da bai kai na sabon fom ba. Ka tuna kuma jami'o'i galibi waɗanda suka sa su a zaɓin farko suke kallo.

Sai ka binciki yadda jami'ar ke haɗa maki. Wasu na raba makin JAMB da 8 domin ya koma kashi 50, sauran kashi 50 ɗin su ɗauko daga wani wuri. Jami'ar Ibadan daga Post-UTME take ɗaukowa, ta Legas kuma tana ba Post-UTME kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20. Ka yi lissafin da kanka: a irin wannan tsari, ƙarin maki 40 a JAMB maki 5 ne kacal a jimilla. Wanda ya ci 240 ya kuma yi ƙoƙari a tantancewa yana iya wuce mai 270 da ya yi sakaci. In jami'arka na yin jarrabawar tantancewa, to wasan bana bai ƙare ba, kuma makonnin da kake kuka a ɗaki makonnin karatu ne.

Yanzu ka cire makinka daga makin sashen. Ga yadda nake kallon abin da ya rage, kuma wannan ra'ayina ne daga abin da idona ya gani. In tazarar ba ta wuce maki 15 ko 20 ba, ka tsaya ka yi yaƙin bana da dukkan ƙarfinka, in ba a dace ba sakewa tana da ma'ana sosai. In tsakanin 20 da 50 ne, ana iya cikewa, amma sai da gyara na gaske. A lissafi na kai-tsaye, kowace tambaya a darasi mai tambaya 40 tana ɗauke da maki biyu da rabi, saboda haka maki 40 yana nufin ƙarin amsa daidai kamar 16, wato biyar ko shida a kowane ɗaya daga darussa ukun da ba Turanci ba. In ka kalle shi haka za ka ga ba dutse ba ne. Amma in tazarar ta kai 80 ko 100, misali ka ci 175 kana neman kwas ɗin da sai an kusa 280, to ka zauna ka yi wa kanka adalci. A sakamakon farko da aka fitar a 2025, cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, kusan rabin duka masu jarrabawar sun faɗa tsakanin 160 da 199, waɗanda suka kai 300 kuwa dubu 12 ne da 'yan kai. Wannan ya nuna maka abu biyu: 180 ba abin kunya ba ne, a nan jama'a suke, kuma tsalle daga nan zuwa can sama abu ne da ke faruwa ga wanda ya sauya karatunsa daga tushe kaɗai.

Mataki na huɗu: gano abin da ya riƙe makin

Likita ba ya ba da magani sai ya san ciwo. Ɗauko takardar da ka rubuta makin kowane darasi.

In darasi ɗaya ne ya ja ka ƙasa, misali Bayoloji 68, Kemistiri 62, Turanci 55, Fizis 34, to albishir, ciwonka a wuri guda yake, kuma wata shida na Fizis a hannun malamin da ya iya zai iya sauya labarin. In kuwa duka huɗun suna yawo tsakanin 40 da 48, matsalar ta fi zurfi: ko dai tushen karatun ne da rauni tun daga aji huɗu na sakandare, ko kuma akwai abu guda da ke lalata duka.

Sau da yawa abin nan guda Turanci ne, kuma wannan magana ce da ba a so a faɗa mana, amma dole a faɗa. Ina da ɗalibai da in na yi musu tambayar Kemistiri da Hausa za su amsa nan take, in na rubuta ta da Turancin JAMB sai su tsaya suna kallon kalma ɗaya da ta rufe musu hanya. Turanci shi ke da tambaya 60 cikin 180, kuma da shi aka rubuta sauran darussan kimiyya gaba ɗaya. Yaron da ke karatu a hankali yana fassarawa a zuci, lokaci ne zai cinye shi. Minti 120 ne na tambaya 180, wato daƙiƙa 40 ga kowace.

Wani kuma kwamfuta ce ta ci shi. Tun 2015 aka mayar da jarrabawar gaba ɗaya kan kwamfuta, amma har yau akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka zauna gaban allonta. Wani zazzaɓi ya tashi da shi. Wani an tura shi senta mai nisa ya isa a gajiye. Wani kuma na'urar ce ta ba da matsala, kuma hakan na faruwa: a 2025 shugaban hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi kusan mutum dubu 380 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Amma ina roƙonka kada ka ɗauki wannan ka mayar bargon rufa. Da yawa daga masu cewa "ba makina ba ne" makinsu ne.

Ga yadda za ka gane gaskiya. Nemi tambayoyin wata shekara da ba ka taɓa bi ba, na darussanka huɗu. Ka shiga ɗaki ka ajiye waya, ka sa agogo awa biyu, ka amsa duka 180, ka ba wani ya duba maka. Ka maimaita sau uku a ranaku daban. In a gida kana cin 250 amma a senta ka ci 200, to tsoro ko na'ura ko rashin lafiya ne suka ci makinka, kuma kai ne mutumin da sakewa ta fi dacewa da shi. In a gida ma 195 kake ci, to JAMB ba ta zalunce ka ba, ta auna ka daidai, tambayar da ta rage ita ce mene ne zai bambanta a shekara mai zuwa. Sabon malami? Barin zaman shago na wasu awanni? Rage waya? In ba za ka iya nuna abu ɗaya takamaimai da zai canza ba, da wuya makin ya canza. Na ga masu sakewa da littafi guda, da lesin guda, da barci guda, suka dawo da maki guda, wani ma ƙasa, domin wanda ya bar makaranta ilimin yana zubewa a hankali in ba a bita.

Mataki na biyar: lissafa kuɗin shekara guda, ka duba sauran ƙofofi

Fom ba shi ne tsadar sakewa ba. A 2025 naira 7,200 ne, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji. Ka ƙara kuɗin lesin na watanni, da na mota, da na littattafai, da data. Sannan ka ƙara abin da ba a sayensa da kuɗi: shekara guda ta rayuwarka. Ga mai shekara 16 ko 17, wannan ba komai ba ne, yana da sarari. Ga mai 24 da ke neman kwas ɗin shekara shida, akwai abin dubawa, domin wanda ya wuce 30 lokacin kammala digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, kuma wasu ma'aikatu na sa iyakar shekaru wajen ɗaukar aiki. Ka haɗa da yajin aikin malaman jami'a, na 2022 kaɗai wata takwas ya ci.

Ke kuma ƙanwata, akwai abin da ya shafe ki daban, kuma kin fi ni saninsa. A gidaje da yawa shekarar zaman gida ita ce shekarar da maganar aure ke tasowa. Aure alheri ne, amma in burinki ki yi karatu, ki duba gidanku da idon basira. In kin san zaman shekara guda zai iya zama zaman dindindin, to gurbin da ke hannu, ko da ba shi kika fi so ba, ya fi wanda ake hange. In kuwa iyayenki sun tsaya miki, ko wanda zai aure ki ya yi alkawari a gaban manya, lissafin ya sauya.

Sannan ba JAMB ce kaɗai hanyar shiga jami'a ba. Akwai IJMB, shirin share fage da jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, ana yin sa a wurare irin su makarantar share fage ta Funtuwa da kwalejin da aka fi sani da CAS a Kano, cikin kusan shekara guda. Akwai takwaransa JUPEB. Wanda ya fito da sakamako mai kyau yana sayen fom ɗin DE, wato Direct Entry, ya shiga aji biyu kai-tsaye, ka ga shekarar ba ta tafi a banza ba. Haka mai difloma ta ND daga foliteknik ko mai NCE. Sai dai ka sani guraben DE a likitanci da shari'a 'yan kaɗan ne ƙwarai, kuma ka tabbatar cibiyar da za ka shiga tana da izini, domin akwai na bogi masu cin kuɗin mutane.

Akwai kuma hanyar da na fi ba da shawara ga mai tazara matsakaiciya: ka karɓi kwas na kusa da abin da kake so, ka fara karatu, ka sake JAMB daga ciki. Darussan aji ɗaya na kimiyya, Fizis da Kemistiri da Bayoloji, su ne dai na JAMB a faɗaɗe, saboda haka kana karatu ɗaya kana jifan tsuntsu biyu. In an dace ka koma, in ba a dace ba kana aji biyu. Wannan ya fi sakin reshe a kama ganye. Amma yana da nauyinsa: kuɗin rijistar shekara guda, da wahalar haɗa karatu biyu, kuma dole ka faɗi gaskiya a fom cewa kana da gurbi a wata makaranta, domin ba a yarda mutum ya riƙe gurbi biyu a lokaci guda ba.

Abin da ba na so ka dogara da shi shi ne maganar nan ta "ka shiga kawai, daga baya sai a canza maka zuwa likitanci". Canjin sashe yana yiwuwa a wasu kwasa-kwasai, amma zuwa sashen da aka ƙayyade wa adadi, abu ne mai wuyar gaske. Duk kwas ɗin da za ka karɓa, ka tambayi kanka: in a nan na ƙare, zan iya rayuwa da shi? In amsar a'a ce har zuciya, kada ka danna karɓa a CAPS don kawai a ce kana jami'a.

Kuma ka tambayi kanka wa ke son kwas ɗin. Na sha zama da yaro na ce masa me ya sa likitanci, sai ya ce Abba ne yake so. Yaron da ke sake jarrabawa karo na uku domin burin wani, yana karatu da rabin zuciya.

Mataki na shida: zama da iyaye

Kada ka je musu da kuka, kada kuma ka je da hukuncin da ka riga ka yanke. Ka je da takarda. Ka ce, "Abba, ga abin da na ci, ga abin da sashen ya tsaya a kai bara, ga abin da nake ci in na gwada a gida, ga abin da zai ci na kuɗi in na sake, ga kuma kwas ɗin da makina zai iya samu bana. Ina neman shawararku." Uban da ya ga ɗansa ya zo da lissafi haka, ko yana cikin fushi zai saurara. In maganar ta yi maka nauyi, ka nemi kawu ko yaya ko malaminka ya raka ka.

Ku kuma iyaye, don Allah a daina haɗa yaro da ɗan maƙwabci. Yaron da aka ce masa "ka ba mu kunya" yana shiga jarrabawa ta biyu da tsoro biyu.

Bayan shawara ka yi istihara, ka sa wa kanka rana. Ni nakan ce wa ɗalibaina kada watan Satumba ya wuce ba su tsayar da magana ba, domin rijista takan buɗe a farkon shekara, jarrabawa kuma wajen Afrilu zuwa Mayu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma yanke tun yanzu sau nawa za ka gwada. Biyu ya isa ga yawancin mutane, na uku sai da hujja mai ƙarfi.

Mataki na bakwai: in ka tsaya a kan sakewa

Fara da manhajar JAMB ta darussanka, tana nan kyauta a shafin hukumar tare da kundin da ke nuna haɗin darussan kowane kwas. Ka bi ta maudu'i bayan maudu'i da biro, ka sa alama a kan wanda ka iya, da wanda ka ɗan iya, da wanda ba ka taɓa fahimta ba. Rukuni na ukun nan shi ne aikinka na wata uku na farko, domin ɗabi'ar ɗalibi ce ya yi ta maimaita abin da ya riga ya iya saboda yana masa daɗi. Daga Janairu ka koma kan tambayoyin shekarun baya da agogo, cikakkiyar jarrabawa sau ɗaya a mako, a kan kwamfuta, ko da sai ka biya a kafe. Ka saba da maɓallan nan takwas, A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa, R na komawa. Duk tambayar da ka faɗi ka rubuta ta a littafi daban tare da dalilin faɗuwar. Turanci kuwa kullum ne: shafi biyu ko uku na karatu da babbar murya, da kalmomi biyar sababbi. Littafin labarin da ake tambaya a kansa ana canza shi lokaci zuwa lokaci, an canza a 2025, ka tabbatar da wanda ake yi a shekararka kafin ka saya.

Ka nemi abin yi na rabin yini, ɗinki ko gyaran waya ko koyar da yara a Islamiyya. Zaman banza na wata goma yana kashe zuciya fiye da yadda yake gina maki.

Layin wayar da ka yi rijista da shi ka riƙe shi kamar takardar gida, kada ka bari a rufe shi, ta nan lambobinka da sakamakonka ke zuwa. Ka duba sunanka da ranar haihuwarka a NIN su dace da na takardar sakandare tun kafin a buɗe rijista, gyaran yana cin lokaci. Ka biya kuɗin jarrabawar gwaji, ta cancanci kuɗinta.

Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya ɗaga maka maki, ɓarawo ne. A 2023 wata ɗaliba ta fito da takardar da ke nuna 362 alhali 249 ta ci, aka gano, aka hana ta jarrabawa shekara uku, ga 249 ɗin da ta isa ta shigar da ita kwasa-kwasai masu yawa. Haka duk gurbin da aka ba ka ta bayan fage ba tare da ya fito a CAPS ba, ranar zuwa bautar ƙasa zai dawo maka da ciwon kai.

Ranar rijista ka je da kanka senta mai izini, kada ka aika. Wannan karon ka cike zaɓin makarantu da abin da ka koya a mataki na uku: zaɓin farko inda jiharka ke da rabo kuma makin da kake ci a gida zai iya kaiwa, sauran guraben kuma ka sa foliteknik da kwalejin ilimin da za ka iya zuwa da gaske, ba waɗanda mai kwamfuta ya zaɓa maka don ya sallame ka ba. Kafin ka tashi daga kujerar, ka karanta takardar da aka buga maka layi-layi, ka tabbatar darussa huɗun da ke jiki su ne kwas ɗinka ke nema.